Nauyi Mai Rai

Malaminmu ya ce nauyi iri biyu ne.
Akwai matacce: bulo, ƙarfe, kwanon rufi,
abin da ke zama inda ka aza shi.
Akwai mai rai: mutane, iska, ruwan da ke cika ya ragu.
Ina rubutawa a kaye,
Samsiya na bayana tana tauna bakin mayafina,
kilo tara da rabi, in ji sikelin likita,
kuma ba ta zama inda na aza ta.

Kafin a tada sallar asuba
na dama koko, na tatsa nono a kwalba,
na bar wa Inna Gomma da dala ashirin na ƙosai.
Kabu-kabu ya sauke ni bayan Kurfayawa
inda muke tada shato bisa ƙafafu shida.
Hular kwano kan ɗankwali,
takalmi ya fi ƙafata, na cusa masa tsumma.

Sai da na haihu na gane siminti jariri ne.
Ran da aka zuba shi a lulluɓe shi da buhu,
a shayar da shi safe da yamma,
kwana ashirin da takwas kafin a ce ya tsaya.
Ranar Adar ba ta sassauta wa kowa.
Ka yi sakaci yini guda,
tsagar ba yau za ta fito ba,
sai bayan shekaru, cikin dare, gari na barci.
Ina riƙe da tiyo ina wannan tunani,
gaban rigata ya jiƙe, ba da ruwan tiyo ba.

Tankari, babban magini, ya girmi ubana.
Wata uku sunana a bakinsa “ke, mai takarda”.
Ran Talata ya baza zane bisa buhun siminti,
ya ɗora yatsa kan wani jan layi
da ya taso daga ginshiƙi na huɗu,
ya karkace, ya faɗa gefen takarda.
“Wannan rodi mai lamba nawa ne?”
Na duba. Na sake dubawa.
Birona ne, hannun Samsiya.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi:
“A gaya wa ƙaramar injiniya
ba mu da ƙarfen da ke lanƙwasa haka.”
Tun ranar nake Maman Samsiya a shantiye.

Daren jarrabawar juriyar ƙarfe
jikinta ya yi zafi kamar rodin da ya yini a rana.
Babanta na Abijan,
muryarsa a salula tana zuwa guntu-guntu.
Bencin likita, ita a cinyata, allurar ruwa a ɗan hannunta.
Na buɗe kaye, lambobin suna iyo.
Na rufe.
Da safe kujerata ta rubuta jarrabawar ba ni,
ta ci sifiri.
Sai zagaye na biyu, bayan damina.
Ban yi kuka a gaban kowa ba;
bayan tarin yashi akwai wurin da ba a gani.

An koya mana: nauyi mai rai,
a ninka shi da ɗaya da rabi,
don abin da lissafi bai hango ba.
Na tambayi kaina ina nawa rabin yake.
Yana can bisa tabarma, yana tsince wake,
yana cewa, “Tafi ki yi bokonki, ta yi barci,”
alhali ina jin ba ta yi ba.

Jiya aka cika shaton gwaji.
Na tsaya ƙarƙashinsa da Tankari, mun ɗaga kai,
ba ɗigo ko ɗaya.
Da na koma gida na tarar ta miƙe tsaye
tana dafe da doguwar rulata,
taku biyu, ta zube, ta dube ni.

Kilo goma yanzu.
Zan sake lissafi.